Kuɗin Goro a Allon Talabijin: Yadda Wasannin Kwaikwayon Koriya ta Kudu Ke Siffanta Baƙar Fata

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin kwanan ɗalibai ya san irin gindin zaman da wasannin kwaikwayon Koriya ta Kudu suka samu a tsakaninmu. Tun zamanin faifan Jumong, wanda gidan talabijin na MBC ya nuna daga 2006 zuwa 2007, har zuwa yau da ake kallo a waya, da wuya a rasa mai bin wani wasan Koriya a kowane aji. Ita kanta gwamnatin ƙasar ta buɗe cibiyar al'adunta a Abuja a shekarar 2010. To, tun da muna ba su idanunmu da lokacinmu da kuɗin datarmu, ya kamata mu tambaya: idan mutum mai launin fata irin namu ya fito a cikin waɗannan wasanni, da wace kama yake fitowa?

Wannan maƙala za ta duba wannan tambaya da ma'aunin da muka saba amfani da shi a darasin adabi, wato nazarin taurari da harshen da marubuci ya sa a bakinsu. Manufar ita ce ɗalibi ya iya nuna wurin da aibin yake da hujja, maimakon ya tsaya ga cewa abin ya ɓata masa rai.

2.0 Ma'anar Kuɗin Goro a Adabi

Idan Bahaushe ya ce an yi wa mutane kuɗin goro, yana nufin an haɗa su gaba ɗaya an yanke musu hukunci guda, ba a ware na kirki da na banza ba. A fagen adabi, kuɗin goro shi ne marubuci ya ɗauki siffofi biyu ko uku da ake jingina wa wata al'umma, ya ɗinka su, ya ce ga mutum. Ɗan jaridar Amurka Walter Lippmann ne ya yayata wannan ra'ayi a 1922, inda ya aro sunansa daga farantin ɗab'i na maɗaba'a, wanda ke buga hoto iri ɗaya sau dubu ba tare da canji ba.

Haka kuma, a 1927 marubucin Ingila E. M. Forster ya kasa taurarin labari gida biyu. Akwai tauraro mai fuska ɗaya, wanda ana iya bayyana shi da jimla guda, kuma yadda ya shigo labari haka zai fita. Akwai kuma mai fuskoki da yawa, wanda ke da buri da rauni, yana kuskure yana gyarawa. Tauraro mai fuska ɗaya ba laifi ba ne a kan kansa, domin kowane wasa na buƙatar irinsa. Aibin yana zuwa ne idan ya zamana wata al'umma kullum a wannan gida ake ajiye ta.

3.0 Tushen Al'amarin a Koriya

Kafin a yi hukunci, a san asali. Yawancin mutanen Koriya sun fara cuɗanya da baƙar fata ne ta hanyar sojojin Amurka, musamman a lokacin Yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 da bayansa. Sojojin sun zo da wariyar da ke ƙasarsu, finafinan Amurka kuma suka ƙara shigo da hotunan da aka daɗe ana yi wa baƙar fata. 'Ya'yan da aka haifa tsakanin baƙaƙen sojoji da matan Koriya sun sha tsangwama, da yawa kuma aka tura su riƙo ƙasashen waje. Shahararriyar mawaƙiya Insooni, wadda aka haifa a 1957, tana cikin waɗanda suka tashi a cikin ƙasar da wannan tabo.

Abu na biyu shi ne aƙidar da suke kira danil minjok, wato al'umma mai jini ɗaya. A 2007 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da wariyar launin fata ya ja hankalin ƙasar a kan wannan aƙida da kalmomi irin su "tsantsar jini" da "gaurayen jini". A wannan shekara ce aka fara gabatar da ƙudurin dokar hana nuna bambanci ta bai-ɗaya, an kuma sake gabatar da shi sau da dama, amma har zuwa 2024 bai zama doka ba.

Ɗalibin harshe zai so ya lura da kalmomi uku. Heugin ita ce kalmar da ba ta da zagi, ma'anarta baƙin mutum. Kkamdungi zagi ce tsagwaronta. Ta ukun, heukhyeong, wato "baƙin yaya", ita ce mai wuyar sha'ani: masu faɗinta suna ganin yabo ne ga ƙarfi ko iya rawa da waƙa, amma da yawa daga waɗanda ake kira da ita suna ƙyamarta, domin ta shafe sunan mutum ta bar launinsa. Wannan ya nuna cewa kuɗin goro na iya zuwa da rigar yabo.

Shafa baƙi a fuska don ban dariya kuwa ya samo asali ne daga dandalin Amurka a shekarun 1830. A Koriya, gidan KBS ya yi wani shirin barkwanci mai suna Sikeomeonseu a 1987, inda 'yan wasa ke shafa baƙi, aka dakatar da shi gab da gasar Olamfik ta Seoul ta 1988. Shekara talatin bayan haka, a 2017, gidan SBS ya sake nuna irin wannan a wani shirin barkwanci, har ya nemi afuwa.

4.0 Misalai Daga Wasannin

4.1 Sutura a Madadin Mutum

A watan Yuni na 2020 gidan SBS ya fara nuna Backstreet Rookie. A ciki akwai wani tauraro mai suna Han Dal-shik, mai zanen labarai a intanet, wanda ɗan wasa Eum Moon-suk ya fito a matsayinsa. An yi masa murɗaɗɗen gashi irin na 'yan Rasta da tufafi masu launukan da aka san 'yan Jamaika da su, sannan aka nuna shi a matsayin ƙazami, har da ƙudaje a gashinsa. A nan babu baƙin mutum ko ɗaya a fage, amma an ɗauko alamarsa an haɗa da ƙazanta don a yi dariya. Mai kallo ba ya buƙatar a faɗa masa komai, hoton ya riga ya koya masa cewa wannan gashi da datti tafiyarsu ɗaya. Ƙarin abin da ya fusata masu kallo na ƙasashen waje shi ne lokacin da abin ya zo, makonni kaɗan bayan kisan George Floyd a Amurka.

4.2 Karin Harshe a Matsayin Abin Dariya

Shekara guda bayan haka, a Yunin 2021, kashi na uku na wasan The Penthouse, shi ma na SBS, ya gabatar da Alex Lee, ɗan'uwan Logan Lee. Ɗan wasa Park Eun-seok ne ya fito a matsayin su biyun. Logan yana sanye da kwat, yana Turanci irin na 'yan boko. Alex kuwa an yi masa murɗaɗɗen gashi da zane a fuska da haƙoran zinariya, aka sa shi kwaikwayon karin Turancin baƙar fatar Amurka. Da suka ta yi yawa, ɗan wasan ya nemi afuwa a TikTok, yana mai bayyana cewa ba da nufin izgili aka yi ba.

Wannan misali shi ne ya fi shafar mu ɗaliban harshe. Masana irin su William Labov sun tabbatar tun shekarun 1960 da 1970 cewa wannan kari yana da ƙa'idojin nahawu tsararru. Alal misali, masu shi suna amfani da kalmar be don nuna aikin da aka saba yi, kamar yadda "kan" ke aiki a cikin "yakan tafi". Mai kwaikwayo don ban dariya ba ruwansa da wannan ƙa'ida. Amo kawai yake ɗauka, ya ƙara masa gishiri, ya mayar da shi tambarin ɗan daba. Tun da ɗan wasa ɗaya ne ya yi 'yan'uwan biyu, abin da ya raba mai natsuwa da mai ban tsoro a idon mai kallo shi ne gashi da zane da kari.

4.3 Ƙasa Baki Ɗaya

Wani lokaci kuɗin goron kan hau kan ƙasa ne. A Satumbar 2022 Netflix ya saki Narco-Saints, wanda sunansa na Koriyanci shi ne Suriname, wato wata ƙasa a Kudancin Amurka da ke da ɗimbin jama'a 'yan asalin Afirka. Wasan ya nuna ƙasar a matsayin matattarar hodar iblis, da shugaba mai karɓar cin hanci. Ministan harkokin wajenta na lokacin, Albert Ramdin, ya fito ya yi Allah wadai, ya kuma yi barazanar kai ƙara. Gaskiya ne an gina labarin a kan wani dillalin ƙwaya ɗan Koriya da ya taɓa zama a can, amma 'yan ƙasar sun zama shimfiɗa ne kawai da baƙi ke taka rawarsu a kai.

4.4 Inda Aka Yi Ƙoƙari

Adalci ya sa a ambaci Itaewon Class na gidan JTBC, wanda aka nuna a farkon 2020. A ciki akwai Kim Toni, ɗan uba Bakoriye da uwa 'yar Gini, wanda Chris Lyon ya fito a matsayinsa. An ɗauke shi aiki a mashaya bisa zaton yana jin Turanci, sai aka tarar Koriyanci da Faransanci yake ji. A nan dariyar ta koma kan masu zaton. Daga baya aka hana shi shiga wani gidan rawa saboda launinsa, abokiyar aikinsa ma ta musanta cewa shi Bakoriye ne, wasan kuma ya nuna ƙarara cewa su ne masu laifi.

Duk da haka akwai abin dubawa. Kusan duk labarin Toni a kan launinsa yake, kuma ƙullin ya warware ne bayan an gano cewa wata attajirar tsohuwa kakarsa ce. Ke nan jinin Koriya ne ya buɗe masa ƙofa. Wanda ba shi da wannan jini fa, kamar dubban 'yan Afirka ma'aikata da ɗalibai da ke zaune a ƙasar?

5.0 Abin da Ya Faru a Wajen Allo

A watan Agusta na 2020 wasu ɗaliban wata makarantar sakandare a Uijeongbu suka shafa baƙi a hoton bikin kammala karatu, suna kwaikwayon masu rawa da akwatin gawa na Gana. Sam Okyere, ɗan Gana da ya yi suna a talabijin ɗin Koriya tun 2014, ya soki abin. Sai reshe ya juye da mujiya: aka yi masa ca a intanet, aka tono tsofaffin kura-kuransa, ya nemi afuwa, ya kuma bar shirin da yake fitowa a ciki.

Amma ba a taru aka zama ɗaya ba. A 2001 wasu baƙi ma'aikata, ciki har da ɗan Gana, tare da wani fasto Bakoriye, suka kai ƙara a kan sunan wani fensir mai launi da ake kira salsaek, wato "launin fata". A 2002 hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasar ta ba su gaskiya, a 2005 kuma aka sa wa launin sunan wani ɗan itace. Haka nan Han Hyun-min, mai tallan tufafi da aka haifa a 2001, ɗan uba Banajeriye da uwa Bakoriya, ya shiga jerin matasa masu tasiri na mujallar Time a 2017. Idan muka ce duk mutanen Koriya masu wariya ne, mu ma mun yi musu kuɗin goro.

6.0 Ma'aunin Nazari

Ga tambayoyi huɗu da ɗalibi zai iya ɗora kowane tauraro a kansu:

1. Yana da suna da buri nasa na kansa, ko don a nuna halin wani aka kawo shi?
2. Idan aka cire launinsa ko ƙabilarsa, akwai sauran abin da ya rage?
3. Harshen da aka sa masa yana bin ƙa'idar masu shi, ko amo ne kawai?
4. Idan an yi dariya, shi ake yi wa, ko tare da shi ake yi?

Wannan ma'auni ba na Koriya kaɗai ba ne. A gwada shi a kan maigadi Bahaushe na finafinan Kudu, wanda ba ya iya furta "p", sannan a gwada shi a kan ɗan kasuwa Ibo ko Bayarabe na finafinan Hausa. A kuma tuna cewa kalmar "gwaranci", da muke kiran gurɓatacciyar Hausa da ita, daga sunan wata al'umma mai cikakken harshenta aka ciro ta. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa kuɗin goro a waɗannan wasanni ana gina shi ne da kayan da muke nazari kullum: suna da sutura da karin harshe da matsayin tauraro a zubin labari. Ta kuma nuna cewa ƙorafin masu kallo yana da tasiri, tun da shi ne ya jawo neman afuwa a 2017 da 2021. Ba a ce kowa ya daina kallo ba. Aikin da ake so ɗalibi ya yi shi ne ya zaɓi wasa ɗaya na Koriya da fim ɗaya na gida, ya ɗora tauraro guda daga kowanne a kan tambayoyin nan huɗu, ya rubuta abin da ya gano da Hausa a shafi ɗaya, ya kawo wa malaminsa na adabi su tattauna a aji.