Gawayi A Gona

Kowa ya san gawayi. Maƙera suna hura wuta da shi, masu guga suna zuba shi a dutsen guga, mata kuma suna dafa abinci da shi. Amma ba kowa ya san gawayi yana gyara gona ba.

A ƙasar Brazil akwai wani babban kogi, sunansa Amazon. Ƙasar dajin da ke gefensa ba ta da ƙarfi, domin ruwan sama mai yawa yakan wanke abincin shuka ya tafi da shi. Amma a waɗansu wurare akan tarar da ƙasa baƙa ƙirin, mai albarka ƙwarai, zurfinta wani wuri har mita 2. A cikin 1966 wani masani mutumin Holan, mai suna Wim Sombroek, ya ba da labarinta a littafinsa. Da aka bincika, sai aka ga mutanen da suka zauna a wurin fiye da shekara 1,000 da suka wuce su ne suka mai da ita haka, da gawayi da toka da ƙasusuwa da suka riƙa zubarwa.

Dalilin kuwa shi ne, jikin gawayi cike yake da 'yan ƙananan ramuka, kamar soso. Ramukan nan su ke riƙe ruwa da abincin shuka, kada su zurare. Ga shi kuma ba ya ruɓewa da wuri, yakan yi ɗaruruwan shekaru a ƙasa.

Ba sai an sare itace ake samun irin wannan gawayi ba. Totuwar masara da ɓuntun shinkafa da ɓawon gyaɗa duk suna yi. Akan ƙona su a rami, inda iska ba ta shiga sosai, a kashe wutar da ruwa tun ba su zama toka ba. Sa'an nan a daka, a cuɗa da kashin dabbobi, a bar shi kamar mako biyu ko fiye. In an zuba shi tsurarsa, sai ya fara shanye abincin da shuka za ta ci.

To, bakin manoma bai zo ɗaya ba a kan wannan al'amari. Waɗansu sun yi na'am da shi, musamman masu gonar jigawa, inda ruwa ba ya zama, ga kuma takin zamani da tsada. Ba su ga abin mamaki ba, domin tun kaka da kakanni manoman kewayen Kano suke kai toka da shara gonakinsu a kan jakuna. Waɗansu kuwa suna ɗari-ɗari. Suka ce aikin da yawa, kuma kara da ɓawo suna da amfani wajen dabbobi da darni da girki. Har wa yau ba kowace gona ce take nuna bambanci a damina ɗaya ba.

Tsoronsu da hujja, gama wanda abincin iyalinsa ya rataya a gona ɗaya ba ya wasa da ita. Saboda haka manomi mai hankali yakan gwada a kunya biyu ko uku tukuna, ya kwatanta da sauran in kaka ta yi. Gani ya kori ji.

Tambayoyi
1. Me ya sa gawayi yake riƙe ruwa?
2. Don me ake cuɗa shi da kashin dabbobi?
3. Mene ne hujjar manoman da suke ɗari-ɗari?