Amsoshin Tambayoyinku: Tashar Lantarki Mai Aiki da Hasken Rana a Gonar Haya

Wani mai sauraronmu daga Kazaure na tambaya: me ake dubawa kafin a kafa babbar tashar lantarki mai aiki da hasken rana a filin da aka karɓa haya a karkara?

To malam, rana kam Allah ya hore mana ita. Abin da masu zuba jari ke fara nema shi ne kusanci da babban layin wuta, domin jan sabon layi mai nisa kan cinye ribar. Sai faɗin fili: kowane megawat ɗaya na cin kusan hekta 2. Misali, tashar Kumbotso a Kano, wadda aka ƙaddamar a 2023, megawat 10 ce.

Batun haya kuwa, nan gizo ke saƙar. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, don haka amincewar mai gari ko magada kaɗai ba ta wadatarwa. Yarjejeniyar kan kai shekara 20 zuwa 25, kuma ya kamata ta fayyace ƙarin kuɗin haya, da diyyar amfanin gona, da burtalin makiyaya, da wanda zai kwashe ƙarafa idan wa'adi ya cika. Akwai kuma lasisin hukumar kula da harkar lantarki ta NERC da binciken tasirin muhalli, da ruwan wanke farantan hasken rana lokacin ƙurar hunturu.

Sannan wa zai sayi wutar? A 2016 kamfanonin lantarkin hasken rana 14 sun ƙulla yarjejeniya da NBET, kamfanin gwamnati mai sayen wuta a dunƙule, amma taƙaddama kan farashi da lamunin gwamnati ta tsayar da ayyukan shekara da shekaru.