Yadda Malami Zai Yi Digiri na Biyu a Fasahar Koyarwa, Daga Cike Fom Zuwa Kare Bincike

Da yawa suna shiga wannan kwas da zaton gyaran kwamfuta ko rubuta manhaja za a koya musu. Ba haka ba ne. Abin da ake koyarwa shi ne tsara darasi yadda zai shiga kan ɗalibi, da zaɓen abin da zai isar da shi, ko rediyo ne, ko bidiyo a waya, ko ma zane a kwali. Idan kana koyarwa a Najeriya kuma kana son wannan digiri, bi matakan nan bi da bi.

1. Fara da matsalar ajinka. Kafin ka leƙa shafin wata jami'a, ɗauki littafi ka rubuta darasin da ke ba ɗalibanka wahala duk shekara. Ka bayyana shi sosai. "Yara ba sa gane lissafi" bai isa ba. Rubuta "'yan aji biyu na ƙaramar sakandare suna rikicewa wajen tara lambobi masu alamar ɗebewa". Ka ci gaba da ƙara irin waɗannan har zango ya ƙare. Daga cikinsu bincikenka zai fito.

2. Duba takardunka. Akasarin jami'o'i suna neman digirin farko a fannin ilimi, da sakamakon da bai gaza ajin biyu na ƙasa ba, da kiredit biyar na WAEC ko NECO ciki har da Turanci da lissafi, da takardar kammala NYSC ko ta yafewa. Idan digirinka ba na koyarwa ba ne, sai ka fara yin PGDE, wato diflomar koyarwa ta bayan digiri. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI da ke Kaduna, tana bayar da ita, haka ma jami'o'i da dama. Ka tabbata sunanka iri ɗaya ne a kowace takarda. Muhammad a nan, Mohammed a can, yana iya tsayar da rajista har sai ka je kotu ka yo takardar rantsuwa.

3. Zaɓi jami'a gwargwadon halin da kake ciki. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna da Jami'ar Ilorin suna da sashe guda na fasahar koyarwa. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya fannin yana cikin Tsangayar Ilimi. Wanda ba zai iya barin aiki ko iyali ba, ya duba jami'ar NOUN, wadda ake karatunta daga gida, ana zuwa cibiyarta ta jiha don jarrabawa. Kada ka tsaya ga sunan jami'a kaɗai. Nemi wanda yake cikin kwas ɗin yanzu ka tambaye shi abu biyu: malamai nawa ne ke duba bincike a sashen, kuma shekara nawa waɗanda suka riga shi suka yi kafin su fita. A takarda za ka ga zango uku ko huɗu. A zahiri yakan zarce, musamman idan yajin aiki ya gitta, kamar na ASUU na 2022 da ya ɗauki wata takwas.

4. Nemi tiranskirif tun yanzu. Wannan ita ce takardar da ta fi kowace jinkiri. Jami'ar da ka gama ce za ta aika da ita kai tsaye zuwa makarantar karatun gaba da digiri ta inda kake nema, ba a hannunka za a ba ka ba. Biya kuɗin, ka ajiye rasit, ka riƙa bibiya.

5. Daidaita da wurin aiki, ka lissafa kuɗi. Rubuta takardar neman izinin karatu ta hannun shugaban makarantarka zuwa SUBEB ko ma'aikatar ilimi, kada ka fara zuwa lacca sai amsa ta fito a rubuce. Tallafin TETFund na malaman jami'o'i ne da kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha na gwamnati. Malamin firamare ko sakandare ba ya ciki. A lissafinka ka sa kuɗin mota, da data, da buga takardu, domin a shekarar bincike su ne ke cinye albashi.

6. Cike fom da kanka. Shiga shafin jami'ar na ainihi, ka biya ta hanyar da ta tsara, galibi Remita. Idan a shagon intanet za a cike maka, zauna kusa da mai bugawa, ka sa imel ɗinka da lambar wayarka, ba nasa ba. Sanar da malaman da ka sa a matsayin masu shaidarka kafin saƙo ya je musu.

7. Tanadi kayan aiki. Kwamfutar cinya mai batir mai rai ta fi sabuwa mai tsada da ba ka iya biya ba. Ka haɗa da wayar Android mai kyamara mai kyau, da ƙaramin makirfon na maƙalawa a wuyan riga, da ƙafar ɗora waya, da abin ajiyar caji. Sauke Audacity don gyaran murya, OBS Studio don ɗaukar abin da ke fuskar kwamfuta, da Zotero don adana bayanan littattafan da ka karanta. Dukkansu kyauta ne. Ka fara wasa da su tun kafin a shiga aji.

8. A zangon darussa, riƙe abu uku da kyau. Na farko tsarin ADDIE, wanda ke bi da kai daga nazarin ɗalibai da buƙatarsu, zuwa tsara darasi, gina shi, gwada shi a aji, sannan auna sakamako. Na biyu ƙa'idojin Richard Mayer, wanda littafinsa kan koyo da hoto da murya ya fito a 2001. Na uku darasin ƙididdiga da dabarun bincike. Wannan na ukun shi ne wanda ɗalibai ke gudu, kuma shi ke kama su a babi na huɗu na rubutun bincike. Zauna a gaba, ka koyi manhajar ƙididdiga ta SPSS da hannunka. Wanda ya biya aka yi masa lissafi, ranar kare bincike tambaya ɗaya ke tona shi.

9. Kai wa sufabaiza, wato malamin da zai duba bincikenka, maudu'i uku. Koma littafin nan na mataki na farko ka zaɓo uku. Kowanne ya nuna darasin, da ajin, da garin, da abin da za ka gwada. Ka zaɓi fasahar da makarantar za ta iya ɗauka. Idan babu wuta babu intanet, kada ka gina bincikenka a kan Moodle ko Google Classroom. Bidiyon da aka tura a katin waya ko darasin murya zai yi aiki. Lokacin da korona ta rufe makarantu a 2020, rediyo da talbijin ne jihohi irin su Kaduna da Kano suka koma wa. Duk gyaran da sufabaiza ya yi maka da biro, ajiye kwafin, ka zo da shi tare da sabon.

10. Gina darasin a takarda tukuna. Nan ne ainihin aikin, kada ka yi gaggawa. Raba takarda gida biyu: hagu abin da ɗalibi zai gani, dama abin da zai ji. Kowane bidiyo ya ɗauki batu ɗaya, na 'yan mintuna. Kada ka cika fuska da rubutu kana kuma karanta shi kalma da kalma. Sa hoto, murya ta yi bayani. Cire kiɗa da duk wani adon da ba ya koyar da komai. Ɗauki murya da sassafe ko bayan isha'i, a ɗaki mai labule da katifa, fanka a kashe, janareta a nesa. Yara suna haƙuri da hoto mai duhu-duhu, amma da zarar murya ta shaƙe sun daina saurare. Idan da Hausa za ka yi bayani, yanke shawarar kalmomin fannin tun farko, kada su canza daga darasi zuwa darasi. Bayan ka gama, kai wa masanin darasin da masanin fasahar koyarwa su tantance, su sa hannu a fom. Sannan ka gwada shi, tare da tambayoyin da za ka auna ɗalibai da su, a wata makarantar da ba ta cikin binciken.

11. Shiga makaranta da kalanda a hannu. Karɓi wasiƙar gabatarwa daga sashenku ka kai ma'aikatar ilimi, sannan shugaban makaranta. Fara a mako na biyu ko na uku na zango, don ka gama kafin jarrabawa. Ka bar 'yan aji uku na babbar sakandare, hankalinsu na kan WAEC da NECO. Yi wa rukuni biyu gwajin farko, ka koyar da ɗaya da sabon darasin, ɗayan kuma yadda aka saba, sannan ka sake gwada su. Rukunan su kasance a makarantu daban-daban, in ba haka ba kafin la'asar bidiyon ya zagaya kowace waya, ba ka da abin kwatantawa. Batu ɗaya, lokaci ɗaya, tambayoyi ɗaya ga duka biyun. Kada ka ɗauki hoton yaro sai da yardar iyayensa da ta makaranta.

12. Rubuta, ka kare. Karɓi littafin ƙa'idar rubutu na makarantar karatun gaba da digiri ka bi shi, har girman harafi. Rubuta da kalmominka, domin jami'o'i da dama suna bi da aikin ta Turnitin don gano kwafi. Idan lissafi ya nuna babu bambanci tsakanin rukunan, rubuta haka, ka yi bayanin abin da kake ganin ya jawo. Ba a kayar da ɗalibi don wannan, amma ana kayar da wanda ya taɓa lambobi. Ajiye kwafin aikin a wuri uku: kwamfuta, filashi, da imel. Ranar karewa ka je da wuri ka gwada majigi da kwamfutarka, ka riƙe bugaggen kwafin jawabinka ko da za a ɗauke wuta. Ka roƙi wani abokin karatu ya rubuta duk gyaran da masu jarrabawa suka faɗa, ka yi su cikin wa'adin da aka ba ka, sufabaiza ya sa hannu, sannan ka kai a yi wa aikin bango.