DARASI: HURUMIN KIFI NA TSIBIRIN APO

Dukanmu mun san manomi mai hankali ba ya cinye irinsa, komai tsananin yunwa. Darasinmu na wannan wata a kan waɗansu masunta ne da suka gane kifi ma yana da iri, suka keɓe masa wuri.

1. Tsibirin da arzikinsa

Apo ƙaramin tsibiri ne a ƙasar Filifin, can gabashin Asiya. Girmansa kimanin eka 180 ne, yana kuwa kamar kilomita 7 daga babban tsibirin Negros. Mutanensa da su suke ci, da shi suke tufanta 'ya'yansu.

Kewaye da tsibirin akwai duwatsun murjani a ƙarƙashin ruwa. Waɗansu ƙananan halittu ne suke gina su a hankali, shekara da shekaru. Cikin ramummukansu kifi yake ɓuya, yana kiwo, yana girma. Watau murjani shi ne gida da gonar kifi.

2. Yadda aka ɓata shi

Sai aka shigo da mugayen hanyoyin su. Waɗansu suna jefa nakiya cikin ruwa, ta kashe babba da ƙarami, ta farfashe murjani. Waɗansu suna zuba guba. Waɗansu kuma suna dukan murjani da duwatsu domin su koro kifi cikin taru. Yau a cika kwando, gobe babu. Da kifi ya ragu, sai masunta suka riƙa tafiya nesa cikin ƙananan kwalekwale, suna daɗewa a teku, suna komowa da ɗan kaɗan.

3. Gwaji na fari a Sumilon

Akwai wani masanin halittun teku, Angel Alcala, na Jami'ar Silliman a birnin Dumaguete. A 1974 ya kafa hurumi a wani tsibiri mai suna Sumilon. Aka keɓe kashi ɗaya cikin huɗu na murjanin wurin, aka hana su a cikinsa. Kifi ya yi yawa, masu su a kewaye suka sami ƙari.

Amma jami'a ce take tsaron wurin, ba masunta ba. Da aka yi canjin shugabannin garin da yake mallakar tsibirin, sai goyon baya ya raunana. A 1984 mutane suka afka cikin hurumin da taru. Abin mamaki shi ne, ko da yake yanzu suna su a ko'ina, kamunsu ya ragu ƙwarai. Sun cinye iri ke nan.

4. Abin da mutanen Apo suka yi

A Apo an bi wata hanya dabam. Ma'aikatan jami'ar suka yi ta zuwa suna zama da jama'a, suna bayani, suna sauraro, har shekaru. A 1982 waɗansu iyalai kaɗan suka yarda su keɓe ɗan yanki a kudu maso gabashin tsibirin, kimanin kashi ɗaya cikin goma na murjaninsu. Su da kansu suka riƙa gadinsa bi da bi daga bakin gaɓa.

Gani ya kori ji. Da sauran mutane suka ga kifi yana ƙaruwa, sai suka shigo. Wajen 1985 jama'ar tsibirin duka suka ɗaura yarjejeniya, suka naɗa kwamiti, hukumar garin Dauin kuwa ta ƙarfafa ta da doka. Ba su cikin hurumi ko kaɗan. A sauran ruwan tsibirin kuma ba nakiya, ba guba, sai fatsa da sauran hanyoyin da ba su ɓata murjani. A 1994 gwamnatin ƙasa ta sa tsibirin cikin wuraren da take karewa.

5. Me ya sa hurumi yake ƙara kamu?

Dalilai biyu ne. Na ɗaya, kifin da ba a kama shi ba yakan girma, babbar mace kuwa takan yi ƙwai fiye da ƙarama ninki da yawa. Igiyar ruwa takan kwashe ƙwan da 'ya'yan zuwa wurare dabam. Na biyu, idan hurumi ya cika, waɗansu kifaye sukan fito waje, su faɗa hannun masunta. Alcala da abokin aikinsa Garry Russ, mutumin Ostareliya, sun yi shekaru suna nitso suna ƙidaya. Sun tarar manyan kifaye sun ƙaru cikin hurumin, daga baya kuma suka ƙaru a bakin iyakarsa. Abin yana bukatar haƙuri, gama ba aikin shekara ɗaya ba ne.

Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. A Argungu akan hana su a Matan Fada sai ranar biki, shi ya sa ake fid da manyan kifaye a ranar.

6. Hurumi ba ya tsare kome da kome

A Disamba 2011, da kuma Disamba 2012, manyan guguwa biyu suka bugi tsibirin, suka ragargaza yawancin murjanin hurumin. Mai gadi yana iya korar ɓarawo, amma ba ya iya korar hadari. Duk da haka jama'a ba su watsar da dokarsu ba. Baƙi kuma suna zuwa kallon kifi da kunkurun teku, suna biyan kuɗin shiga. Alcala ya rasu a 2023, amma ya bar ɗaruruwan hurumai a Filifin da suka bi misalin Apo.

Ga abin da za mu riƙe. A Sumilon baƙo ne ya yi gadi, doka ta faɗi. A Apo masu abu ne suka yi gadi, doka ta tsaya.

Tambayoyi

1. Mene ne amfanin murjani ga kifi?
2. Don me kamu ya ragu a Sumilon bayan 1984?
3. Faɗi hanyoyi biyu da hurumi yake amfanin masunta.
4. Akwai tafki ko kogi kusa da garinku? Wa yake tsaronsa?