Malam, fito da su gindin darbejiya

Idan muka ga yara suna karatu a gindin bishiya, tausayi ne ke fara kama mu: ko iska ta yaye kwanon aji, ko yara sun yi wa ɗaki yawa. Gina azuzuwa haƙƙi ne a wuyan hukuma, ban sauke mata shi ba. Amma yau da malamin da yake da aji nake magana. Roƙona shi ne ka riƙa fita da ɗalibanka da gangan, ko sau biyu ne a mako, da darasi a hannunka.

Fara da lissafi, tunda shi yara suka fi gudu. Da hantsi, ka kafa sanda mai tsawon mita 1 a fili, su auna inuwarta. A ce ta kai mita 2. Nan take wasu su auna inuwar darbejiyar makaranta, a ce mita 16. Sai ka tambaye su tsawon bishiyar, ka ja bakinka ka yi shiru. Za su yi gardama, wani ma ya ce sai an hau. Can za ka ji wata yarinya daga baya ta ce mita 8, domin sandar rabin inuwarta ce. Wanda ya gano amsa da igiyar awo a hannunsa zai daɗe bai manta ba. Ka tabbata an yi awon biyu a lokaci guda, saboda inuwa tafiya take yi. Daga nan ka tuna musu cewa da inuwa malamanmu suke gane lokacin salla tun kafin agogo ya iso: la'asar tana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da wadda ta rage lokacin zawali.

Idan akwai gawo kusa, ka sami darasin shekara guda. Yana zubar da ganye da damina, ya tofo da rani, saɓanin sauran itatuwa. Yara su zana shi a watan Agusta, su sake zana shi a Janairu, sannan su je gida su tambayi iyayensu dalilin da ya sa manomi ba ya sare shi a gona. Za su dawo da labarin yadda gero ke kyau a ƙarƙashinsa. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne uba, wanda bai yi boko ba, ya zama shi ake tambaya.

Akwai kuma batun lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya sami aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum. Ido ma yana buƙatar hasken waje. A Taiwan, da ciwon rashin ganin nesa ya yi wa yara yawa, a 2010 hukumomin ilimi suka nemi makarantu su riƙa fitar da su waje minti 120 a rana, aka kuma ga abin ya fara raguwa. 'Ya'yanmu na birni da ke tashi daga aji su faɗa kan waya, su nake ji wa tsoro.

Sai dai fita ba tare da shiri ba, tara ce kawai aka tsawaita. Ka sanar da hedimasta. Ka riga yara zuwa wurin, ka duba kunama, maciji da fasassun kwalabe, musamman bayan ruwa ya sauka ciyawa ta tashi. Idan ajinka ya haura 60, ka raba su rukuni-rukuni, kowane da shugabansa da aikinsa: masu awo, mai rubutu, mai bayani. Ka ƙirga su wajen fita, ka ƙirga su wajen dawowa. Da bazara kada ka wuce ƙarfe 10 na safe, kuma a sami ruwan sha. Ranar da hazo ya sauko sosai, a haƙura, saboda masu asma. Idan za a bar harabar makaranta, kamar zuwa marinar Ƙofar Mata ko Gidan Makama ga 'yan Kano, ko maƙera da masaƙa a garinku, sai da izinin iyaye da ƙarin malami, kuma malama ta raka 'yan mata.

Ka bar minti 10 na ƙarshe don komawa aji. Kowane yaro ya rubuta a littafinsa, da kalmominsa, abin da ya auna da abin da ya gani, ya sa kwanan wata. Ranar da sufeto ko wani uba ya tambaye ka abin da kuke yi a waje, waɗannan littattafan za ka miƙa masa.