Shawara Ga Maharbin Da Ke Son Sauya Bakansa

Ya ɗan'uwana maharbi na ƙasar Gaya da Ajingi, idan kaka ta wuce, aka kawar da amfanin gona, kakar farauta ta kama, sa'an nan ka ji zuciyarka tana raya maka ka yar da bakan da ka gada don ka nemi irin na zamani, mai gargare a kowane baki, wanda aka ƙago a Amurka aka yi masa rajista a 1969, to ka dakata ka yi tadabburi tukuna.

Ka sauko da tsohon bakan, ka shafa shi da tafin hannu daga wannan baki zuwa wancan. In babu tsaga ko cin gara, tsarkiya kaɗai ta saki, ai magani ƙanƙane ne, domin tsarkiya da kyauro ba su ƙare ba, kuma maƙeran Gaya, waɗanda tarihi ya ce daga cikinsu aka sami mazaunan Dala na farko, har yau suna ƙera bakin kibiya. Bakan zamani kuwa, ko da yake ja ɗaya za ka yi ya sassauta maka nauyi, in igiyarsa ta tsinke sai da na'urar matse shi, alhali ba ka da masaninta kusa.

Amma in itacen ya tsage, haƙiƙa sauyawa ta zama wajibi, gama tsagaggen baka sai dai ya raunata dabba, kuma raunata dabba a bar ta tana wahala zalunci ne. Ka nemi fatawar Sarkin Baka, ka guji israfi, ka ambaci sunan Allah kafin ka saki kibiya.