Yadda Ake Gano Ciwon Fitilar Birki da ta Baya a Babbar Jif Ba Tare da an Yanke Waya Ba

Direba yana ganin fitilarsa ta gaba, yana jin ƙarar injinsa, amma fitilar birki na baya ne ke ganin ta. Shi ya sa mutum zai yi wata guda yana zirga-zirga tsakanin Kwargaba da Sakkwato da fitila matacciya bai sani ba. Ni ranar da na gane tawa ta mutu, muna dawowa ne daga Goronyo dab da magariba, cikin hazon hunturu. Amalanken shanu ya ratso titi, na taka birki, motar albasa da ke bina ta kauce ta faɗa gefen hanya da ƙyar. Direban ya sauko jikinsa na rawa ya ce, "Malam, don Allah ka duba bayanka, wallahi ko ɗigon ja ban gani ba." Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin fiye da mita 22 a daƙiƙa ɗaya. Babbar jif irin Prado ko Land Cruiser ko Sequoia kuwa tana tare wa na baya hanya gaba ɗaya, ba ya hango abin da ka hango. Jar fitilar nan ce kaɗai maganarka da shi.

Abin da na koya tun daga ranar shi ne, yawancin wannan ciwo ba ya buƙatar a yanke waya ko ɗaya. Ana bin sa ne daki-daki, daga mai arha zuwa mai tsada.

Fara da goge fitilun. Bayan jif a miƙe yake kamar bango, iska na juyowa ta manna masa ƙura, kuma duk wanda ya bi hanyoyin ƙauyukan Rabah da rani ya san yadda jar ƙasa ke rufe gilashi har ka ɗauka ƙwan ya ƙone.

Sai ka sa wani ya taka birki kai kana baya. In kai kaɗai ne, matsa da bayan motar kusa da bango da dare ka duba ta madubi. Gwada sau uku: birki kaɗai, ƙananan fitilu kaɗai, sannan ka haɗa su duka har da sigina. Kada ka tsallake na ukun, a nan ne ciwon da ke ɓuya yake fitowa.

Yanzu ɗaga kai ka dubi fitila ta uku, wadda ke saman gilashin baya. Amurka ta wajabta ta a kan ƙananan motoci tun ƙirar 1986, a kan jif da a-kori-kura kuma daga 1994, don haka kusan duk jif ɗin da ta shigo mana ta Kwatano ko Legas tana da ita. Ita ce za ta raba maka gardama. In tana kamawa amma na ƙasa ba sa yi, yawanci fis da makunnin birki lafiyarsu ƙalau, ciwon yana can baya. In duka ukun sun yi shiru, koma gaba wajen fis da makunni. In gefe ɗaya ne kawai, ƙwai ne ko mazauninsa.

Ƙwan da kansa ba wuya. Buɗe ƙofar baya, kwance noti biyu ko uku da sifana lamba 10, jawo gidan fitilar a hankali, murɗa mazaunin ƙwan hagu ya fito. Abin lura shi ne ƙwai ɗaya ke aiki biyu, zare biyu gare shi a ciki: siriri mai wat 5 na ƙaramar fitila, kauri mai wat 21 na birki. Ɗaya kan ƙone ya bar ɗaya, kai kuma ka ga haske ka ɗauka komai daidai. Motocin Japan da yawa suna amfani da mai lamba 7443, mai gindin gilashi da ake cusawa. Tsofaffi suna da 1157 mai gindin ƙarfe, wanda ƙusoshinsa biyu ba tsayinsu ɗaya ba, don kada a saka shi a juye. Na Amurka irin Ford da Chevrolet sun fi amfani da 3157. Ka tafi da tsohon a aljihu wajen saye. Na sha ganin an danna 7440 mai zare ɗaya a gurbin 7443, ko an tura 1157 da ƙarfi a baibai, sai ƙaramar fitila ta riƙa haske kamar birki, birkin kuma ya zama kamar kyandir. Ni dai Osram ko Philips nake nema, ko da kuɗinsu ya ninka na marasa suna sau biyu ko uku, domin ramukan hanyarmu suna karya zaren ƙwai mai arha cikin makonni. Ka canza na hagu da na dama tare.

Fis kuma, duba murfin akwatin da ke ƙarƙashin sitiyari ko cikin bonet. A Toyota da Lexus za ka ga an rubuta STOP na birki, TAIL na ƙananan fitilu. Mayar da mai lamba daidai da wanda ka cire: ja 10 ne, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20. Ƙwai biyu na birki ba sa jan abin da ya kai amfiya 4, don haka in fis mai 10 ya ƙone har sau biyu, ba ƙanƙanta ya yi ba, waya ce ke taɓa ƙarfe a wani wuri. Ina roƙonka da girman Allah kada ka yarda a naɗa masa siririyar waya ko takardar kwalin sigari. Fis yana mutuwa ne domin mota ta rayu. In ka hana shi mutuwa, wayar da ke ƙarƙashin kafet ce za ta yi zafi a madadinsa, kuma ita ba ta tsinkewa sai ta kama da wuta.

Makunnin birki yana saman matakin birki, sai ka kwanta da tocila ka leƙa. Alamunsa a motar otomatik a fili suke: giya ta ƙi fita daga P, ko mota mai maɓallin tayarwa ta ƙi tashi, wani lokaci fitilar ABS ko VSC ta kama a dashbod. Akwai kuma akasin haka, fitilar birki ta ƙi mutuwa ko an zare makulli, ka wayi gari batir ya kwanta. Kafin ka sayi makunni, dubi inda kake ajiye ƙafa. In ka ga ɓarɓashin roba kamar an tauna gyaɗa, ɗan maɓallin robar da ke danne bakin makunnin ne zafin Sakkwato ya busar ya farfashe. Kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba. A hanya za ka iya cusa ƙaramin noti a ramin ya kai ka gida.

To, ga inda na fi shan wahala, kuma inda na fi son ka natsu. Wuta ba ta aiki sai ta je ta dawo. Tana zuwa ƙwai ta waya, tana komawa batir ta jikin ƙarfen mota, ta wata waya da aka ɗaure da noti a bayan fitila ko cikin bangon but. Ita ce masu wayarin ke kira at. A Toyota yawanci fara ce mai baƙin layi. In wurin nan ya yi tsatsa ko notin ya saki, wutar ba ta tsayawa, sai ta nemi wata hanyar komawa ta cikin sauran ƙwayayen. Daga nan za ka fara ganin abin mamaki. Ka taka birki, fitilar dashbod ta kama. Ka sa sigina, fitilar birki ta riƙa ƙiftawa tare da ita. Da rana birki na haske daidai, da dare ka kunna ƙananan fitilu ka taka, gefe ɗaya ya mutu ɗif. Wannan na ƙarshen shi ne mafi haɗari, domin duk gwajin da za a yi maka da rana tsaka a gareji zai nuna lafiya lau.

Sau uku ina kai motata wajen wani mai wayarin a kan wannan. Ya canza ƙwai, ya canza makunni, a karo na uku ya ce wayar ce ta lalace daga gaba har baya, ya jawo sabuwa ta ƙarƙashin mota ya naɗe da baƙin tef. Kafin damina ta ƙare tef ya saki, waya ta goge da ƙarfe, fis ya shiga ƙonewa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ashe noti ɗaya ne ya yi tsatsa a bayan fitilar hagu.

Gwajin ba ya cin minti biyar. Nemi guntuwar waya, ɗaura bakinta ɗaya a ƙarfe mai tsabta marar fenti, ɗaya bakin ka taɓa shi a wayar at ta mazaunin ƙwan, wani na taka birki, ƙananan fitilu na kunne. In haske ya dawo tar, ka kama ɓarawo. Kwance notin, goge ƙarfen da sanfefa har ya yi ƙyalli, goge zoben wayar shi ma, ɗaure tam, sannan ka shafa ɗan giris a sama don ruwa. A sama na ce, bayan an ɗaure, ba a tsakani ba.

Tun da ka buɗe, leƙa cikin mazaunin ƙwan. In ka ga kore-kore kamar gansakuka, ko robar ta yi baƙi ta narke, ruwa ya shiga ko haɗin ya yi sako-sako yana zafi. Koren ana kankare shi da bakin ƙaramin sukundireba, a ɗan ɗago harsunan ƙarfen su kama ƙwai sosai. Wanda ya narke kuwa canzawa ake yi, kuma na gwanjo daga motar da aka wargaza ya fi sabon jabu ƙarko. In ba a samu a Sakkwato ba, saƙo ɗaya zuwa Ƙofar Ruwa a Kano ya wadatar, ka dai aika da hoton tsohon. Ruwan yana shiga ne ta tsagewar gilashi, ko ta robar bayan fitila da ta bushe, musamman in masu wankin mota sun saita masa injin feshi, ko ka keta kwazazzabai da damina a fadamun Wurno. In ka ga raɓa a cikin gilashin, cire gidan, shanya shi a rana, toshe tsagar da silikon.

Jif tana da wata lalura da ƙananan motoci ba su cika fama da ita ba. Wayoyin fitilar sama da na lamba, da duk fitilar da ke jikin ƙofar baya, suna bi ne ta cikin wata roba mai lanƙwasa kusa da maratayin ƙofar. Kullum ana buɗewa ana rufewa, ana loda buhun shinkafa ana saukewa, shekara goma sha biyar, sai wayar ta karye a ciki alhali rigarta na nan lafiya. Sa a taka birki, ka riƙa motsa ƙofar a hankali. In fitila na kamawa tana ɗaukewa, zame robar ka ja wayoyin ɗaya bayan ɗaya, mai karaya za ta miƙe kamar danƙo. Nan ne kaɗai na yarda a yanka, kuma a ƙara sabuwar guntuwa a haɗa da dalma nesa da wurin lanƙwasar, ba a murɗe da hannu ba.

In motarka daga Amurka ko Kanada ta fito, leƙa ƙarƙashin bamba. Da yawansu an sa musu ƙaramin akwati da soket na jan tirela, gishirin da ake zuba wa titunansu lokacin ƙanƙara ya riga ya cinye shi. Mu ba ma amfani da shi, kuma yakan ƙona fis ko ya haɗa birki da sigina. Zare shi daga soket ɗinsa, ka mayar da haɗin asali. Wasu tsofaffin Toyota da Lexus, irin RX300, suna da wani ɗan akwati a bangon but mai sanar da direba in ƙwai ya mutu. Wutar birki ta cikinsa take bi, kuma dalmarsa kan tsage. Mai gyaran rediyo zai sake narka maka ita.

Ƙwan LED da samari ke so, ban hana ba, amma a yi hattara. Wasu motocin Toyota tsarin mazauninsu na 7443 daban ne, shi ake kira CK, kuma in ka cusa LED da ba nasa ba fis zai ƙone nan take. Masu walƙiya kamar na gidan biki kuwa ka bar su a shago, suna rikita na baya ne kawai. Haka fentin baƙi da ake fesa wa gilashin fitila don ado. Jif irin Land Cruiser 200 da LX570 da LED ɗinsu suke zuwa a rufe, ba ƙwan da za ka cire. Kafin a sa ka sayi gidan fitila sukutum, wanda kuɗinsa ba wasa ba ne, a tabbatar da tasta cewa wuta na isa soket kuma at na da kyau.

Da ka gama, maimaita gwajin nan uku bayan faɗuwar rana, injin na aiki. Sannan ka ajiye ƙwai biyu, fis ɗin 10 da 15, sifana lamba 10 da guntuwar waya a aljihun mota. Yadda hanyoyin gabashin Sakkwato suke a shekarun nan, ba wanda ke son tsayawa neman ƙwan fitila tsakanin Achida da Goronyo bayan magariba, kuma shingayen jami'an tsaro na sa ka taka birki a inda na bayanka bai zata ba. Ni duk ranar Juma'a da safe, kafin in fita, nakan sa yaro ya tsaya a bayan motar in taka masa ya faɗa mini guda nawa suka kama.